Thalictrum: wanne za ka saya, kuma a wane hali?

Wanda yake zaune a Ingila, Jamus ko arewacin Amurka, yana da ɗan fili a bayan gida inda rana ba ta cika zama ba, zai yi wuya mai sayar da shuke-shuke bai nuna masa Thalictrum ba. Tsiro ne na daji mai shekara da shekaru: hunturu ya zo ya kwanta, sanyi ya wuce ya sake tsirowa daga saiwa. Irinsa sun haura 100, amma waɗanda ake kawowa kasuwa ba su da yawa, kuma a cikinsu ma ƙasar filinka ce za ta yi maka zaɓi. Hoton da ke jikin tukunya kuwa ado ne kawai.

Da ganye ake fara gane shi. Ƙanana ne, a rarrabe kan siraran tsinke, kamar na zogale, sai dai bakin kowanne yana da 'yan tsage-tsage. Ana yawan rikita shi da Aquilegia, wani furen lambu wanda dama danginsa ne, amma fure yana raba gardama. Na Aquilegia babba ne mai ƙaho a baya. Na Thalictrum kuwa ƙanana ne birjik, kuma a wasu irin abin da ido ke gani zare-zare ne kawai masu ɗauke da garin fure. Ba a cin sa, kada kamannin ganyen ya ruɗi yara.

Idan filin yana riƙe ruwa, ko ƙasar laka ce, Thalictrum flavum ne naka. A fadamu da bakin koguna na Turai yake fitowa da kansa, furensa rawaya mai haske, tsayinsa mita 1 ko fiye. Aibinsa yaɗo: saiwarsa na tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ya ci wurin maƙwabtansa. Akwai reshensa da ake kira glaucum, ɗan Sifaniya da Fotugal da arewacin Afirka, mai ganye shuɗi-shuɗi. Ya fi sauran jure rana, kuma ko babu fure yana da kyan gani.

Ga sabon shiga, ni aquilegiifolium nake zaɓa. Ba ya da fitina, karansa na tsayuwa ba tare da an tokare shi ba, yana fure da wuri, wajen Mayu zuwa Yuni, curi-curi masu ruwan hoda ko fari. Furen ba ya daɗewa, wannan gaskiya ne, amma 'ya'yan da ke biyo baya suna reto a kan karan har tsawon lokaci.

Wanda ya fi jan hankalin masu saye shi ne delavayi, ɗan tsaunukan yammacin Sin, wanda aka raɗa wa sunan Jean-Marie Delavay, limamin Katolika Bafaranshe da ya tattara tsirrai a lardin Yunnan na ƙasar kafin rasuwarsa a 1895. Furensa shunayya ne mai rawayan ciki, yana fitowa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da wasu sun gama. Kyau kam akwai, amma akwai lalura. Yana son ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya, mai ruɓaɓɓen ganye, yana son inuwa bayan azahar, kuma iska na karya shi in ba a kafa masa sanda ba. Sannan ga abin da ke cutar mutane da yawa: yana makara wajen tsirowa. A Afrilu za ka ga tukunyarsa wayam, ka ɗauka ya mutu. Juya tukunyar ka duba ramukan ƙasanta. Idan fararen saiwoyi suna leƙowa, da ransa. Bayan ka dasa, kafa alama a wurin, kada fartanya ta bi ta kansa. Irin da ake kira Hewitt's Double, mai ninkin fure, ba ya yin 'ya'ya sam, ta raba saiwa ake samunsa. Saboda haka duk wanda ya tallata maka "irinsa" a intanet, rufe shafin.

Mai neman tsayi ya duba rochebruneanum na Japan, wanda kan kusa mita 2, ko Elin, haɗin iri biyu da ke wuce haka. Mai ƙaramin wuri kuma akwai kiusianum, wanda bai fi santimita 15 ba.

Saura maganar iri ko tukunya. Iri ya fi araha, amma sai sabo, kuma yana bukatar sanyi kafin ya tsira. Ko a shuka shi a waje kafin hunturu, ko a sa shi cikin jiƙaƙƙen yashi a firji na wasu makonni, sannan a jira shekara 2 zuwa 3 kafin fure. Na tukunya ya fi tsada, amma ka san abin da ka saya. Sayi uku maimakon ɗaya, domin guda ɗaya ɓacewa yake a cikin lambu, ka bar tazarar santimita 45 zuwa 60 a tsakani. Ka ƙi wanda ganyensa ke da farar hoda, fumfuna ce. Dodon koɗi ma na son sabon toho. Haƙo shi daga daji kuwa kada ka soma: a Birtaniya wata doka ta 1981 ta hana tuge tsiron daji ba da izinin mai fili ba.

Mai tunanin aikawa da iri Kano ko Damagaram ya adana kuɗinsa. Waɗannan duka suna bukatar sanyin hunturu, zafin Afrilu zai ƙone su. Wani ɗan uwansu, rhynchocarpum, yana fitowa a Afirka, amma a dazuzzukan kan tsaunuka masu sanyi irin na Kamaru da Habasha, kuma furensa ƙanana ne kore-kore, ba a cika kai shi kasuwa ba.