Tsiren shinkafa a ƙofar Imamiya

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Tun zuwana Kyoto kike tambayar irin kayan zaƙin mutanen Japan, to ranar Asabar na je na gano miki da idona.

A arewacin birnin akwai wurin bautar 'yan addinin Shinto mai suna Imamiya, wanda aka kafa a shekarar 994 lokacin da annoba ta addabi garin. Ni dai ba ibada ta kai ni ba, shagunan bakin ƙofar gabas na je nema. Guda biyu ne suna kallon juna, Ichiwa da Kazariya, kuma abu ɗaya tak suke sayarwa: aburi mochi. Ichiwa ta fara tun shekarar 1000, yau zuriya ta 25 ke riƙe da ita. Ki duba, ta girmi kasuwar Kurmi da fiye da shekara 400.

Kafin ka iso, ƙamshin gawayi ya tarye ka. Wata dattijuwa na zaune gaban kasko tana juya tsinkaye, wallahi kamar mai tsire. Shinkafa ce mai danƙo, a turara ta a kirɓa har ta fi tuwo laushi, a gutsura kamar kan babban yatsa, a birgima a garin soyayyen waken suya yadda ake yi wa tsire da ƙuli, a soke a tsinken gora. In gefen ya ɗan ƙone sai a tsoma a romon farin miso, wato waken suya da aka tsima, mai zaƙi da ɗan gishiri-gishiri. Sai da na sa abokiyar aikina ta tambayar min abin da ke cikin romon kafin na kai baki, don a nan akan sa giyar girki da suke kira mirin a abinci da yawa.

Na cire takalmi na zauna kan tabarma, aka kawo faranti da tsinke fiye da goma, da butar shayi ba sukari. Yen 600 na biya, shayin kyauta, kuma ba wanda ya tsaya a kaina don in tashi.

Gaskiya, a ɗanɗano nakiyarki ta fi. Tasu babu citta, babu kanumfari, babu man shanu, kuma in ta huce sai ta yi tauri, alhali taki tana wata da watanni a kwalla. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suka ɗauki sana'ar da daraja. Uwa ta koya wa 'ya, wuri ɗaya, suna ɗaya, har mutane na layi daga ƙasashe. Ina zaune sai na tuna alkakin Inna, yadda take tsima alkama ta kwana, da yadda yanzu ke kaɗai kika iya a duk gidan, sai lokacin gara ake tunawa da ke.

Don Allah ki zaunar da yaran nan su koya tun Inna na da ƙarfin gyara musu hannu, ni zan turo kuɗin alkama da zuma. Kuma in an samu mai tahowa, ki ɗuro min nakiya a ƙaramin kwano, na yi wa abokiyar aikin nan alkawari za ta ɗanɗana.