Fita bakin Gulbin Rima: wurin ya yi, mai shirya tafiyar bai yi ba

Masu tambayata game da matashin nan da ke tallar kai iyalai wanka bakin gulbi a WhatsApp, ga abin da na gani. Ba zan kama sunansa ba. Duk wanda ya ga tallar ya san shi, ya kuma san abin da yake karɓa a kan kowane mutum. Mun bi shi ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ga rashin wuta, yara ko barcin kirki ba sa samu.

Wurin kansa, Allah Ya yi shi da kyau. Gaba kaɗan da ƙauyen Kwalkwalawa ake sauka daga titin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a bi ta cikin fadama, gonakin albasa da shinkafar rani hagu da dama, sai ga Rima da farin yashi da iska mai sanyi. Har na fara sa wa yaron albarka a raina.

A talla ya ce kowane yaro zai sami rigar kariya mai hana nutsewa. Guda biyu ya fito da su daga but ɗin mota, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Sannan ya nuna mana wani ruwa kwance a gefe, wanda ya yanke daga gulbin, ga ciyawa ta zagaye shi, ya ce nan ya fi dacewa da ƙanana tunda ba ya gudu. Yarana har sun tuɓe takalma, sai wani dattijo masunci da ke gyaran koma a inuwa ya miƙe yana ɗaga hannu: "Malam, hana ma ɗiyan ga shiga nan!"

Na ce, "Baba, lafiya?" Bai amsa ba sai da ya sa hannu cikin ciyawar bakin ruwan ya ɗebo wasu 'yan dodon-koɗi baƙaƙe, ba su wuce ƙwayar wake ba, ya baje su a tafinsa. Ya ce su ke kawo tsargiya. Gaskiya ya faɗa. Tsutsar cutar daga jikinsu take fitowa, ta fatar mutum take shiga ba sai an sha ruwan ba, kuma sai bayan makonni za a ga yaro yana fitsarin jini. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauki gorar tuƙin jirginsa ya kai mu inda manya ke shirin faɗawa, ya yi taku uku cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, ya soka gorar gabansa. Ta shige kusan duka. Ramin masu haƙar yashi ne, daga sama ba abin da zai nuna maka. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, domin ƙanena bai iya iyo ba, kuma shi ne a gaba.

Dattijon nan shi ya mayar da mu wani wuri mai yashi inda ruwa ke tafiya a hankali, ya shiga ya tsaya ta ƙasan yara har suka gama. Ya kuma gaya mini a riƙa tambayar masunta kafin a zo, saboda in an saki ruwa daga madatsar Goronyo gulbin kan canza, inda ka sani jiya ba shi ne yau ba. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2010 ta yanke hanyar jami'a ba ya wasa da maganar Rima. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi, sai da na haɗa shi da Allah ya yarda na sayi kifinsa.

Da yamma na so in yafe wa mai tafiyar, tunda yara sun ji daɗi, an soya mana kifi da yaji a bakin titi, ga fura da nono mai kyau, ga masallaci kusa inda muka yi la'asar. Amma da na tuna sauran, raina ya sake ɓaci. Babu makewayi, bai kuma faɗa ba tun a gida. Maiɗakina da sauran mata da zannuwa suka kare juna kafin su canza wa 'yan mata kaya. Ledojin ruwa da robobin lemo da ya raba, nan ya so a bar su kan yashi, inda mutanen ƙauyen ke wanki, shanunsu ke shan ruwa. Mu muka tsince su cikin buhu, shi yana mota yana danna waya. Wannan cin fuska ne ga masu wurin, kuma gobe in sun hana baƙi zuwa ba wanda zai ga laifinsu.

Na rubuta masa ya mayar da kuɗin rigunan da bai kawo ba, har yau shiru. Ruwa mai gudu ma ba a rantsuwa a kansa, don haka nan da wata biyu zuwa uku zan kai yaran a gwada fitsarinsu. In an ga wani abu, maganin praziquantel ne. Gulbin zan koma in Allah Ya so, da safe, da rigunan kariya nawa na kaina da tabarma da buhun shara, kuma wurin masunta zan fara tsayawa in yi sallama. Shi kuwa wancan, ko kyauta ya ce zai kai ni, ba zan ba shi yarana ba.