Shagon da ke maido da WhatsApp ɗin da aka sace a Yamai

Kusa da Babbar Kasuwar Yamai akwai wani shagon gyaran salula da ke taimaka wa waɗanda 'yan damfara suka ƙwace wa WhatsApp. Aikinsu yana da kyau, domin bayan sun maido da asusun, sukan kafa wa mutum lambar sirri ta biyu, su kuma gargaɗe shi kada ya tura wa kowa lambobi 6 ɗin da ke zuwa ta saƙo. Abin da ya fi burge ni shi ne sun ƙi buɗe wayar da mai ita ba ya nan, ko da matarsa ce ta kawo, tunda dokar 2019 kan laifuffukan intanet ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba. Sai dai wurin ya yi ƙunci, jira kuma yana da tsawo.