Hattara da masu tallan yawon buɗe ido zuwa Benis

Jama'a, akwai wani talla da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, na masu cewa za su kai mutum Benis, birnin nan na Italiya da aka gina a kan tsibirai sama da ɗari, wanda mutanensa ke kira Venezia. Za ka ga hoton kwalekwale da na babban cocin San Marco, a ƙasa an rubuta "biza tabbas, otal, tikitin shiga gari da na gidajen tarihi, a biya rabi yau domin gurbi ya kusa ƙarewa". Lambar asusun kuwa ta mutum ɗaya ce, ba ta kamfani ba. Yawancin abin da suke sayarwa, ko dai kyauta ne, ko kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ko kuma ba mai ikon sayar da shi.

Biza ita ce babban tarkon. Ba wani ejan da ke da ikon tabbatar maka da ita. A Najeriya hukumomin Italiya ne ke yanke hukunci, ta ofishin jakadancinsu na Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas. Kuɗin bizar gajeren zama ta Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Italiya ke ciki, Yuro 90 ne ga baligi tun watan Yuni na 2024, sai ladan cibiyar karɓar takardu, da inshorar lafiya wadda za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000. Da ƙafarka za ka je a ɗauki zanen yatsunka. Abin da waɗannan mutane ke yi shi ne su haɗa maka takardar kama ɗaki ta bogi da wasiƙar gayyata ta bogi, musamman da sunan Biennale, bajekolin zane-zanen da ake yi a birnin tun 1895. Da yake Najeriya ta kafa rumfarta a can a 2017 da 2024, sai su ce za su cusa ka cikin tawaga. Bajekolin nan kowa na iya sayen tikiti ya shiga, kuma tikiti ba gayyata ba ce. Ranar da aka gano takardar jabu ce, kai za a hana, sunanka da yatsunka ne za su zauna a rumbun bayanan da ƙasashen Shengen ke amfani da shi tare. Ejan kuwa ya canza layi.

Sai "tikitin shiga gari". Gaskiya ne akwai shi, shi ya sa ƙaryar take shiga. Hukumar birnin ta fara karɓarsa ranar 25 ga Afrilu, 2024, Yuro 5, a wasu zaɓaɓɓun ranakun cunkoso kawai, daga takwas da rabi na safe zuwa huɗu na yamma. A 2025 aka mayar da shi Yuro 10 ga wanda ya makara wajen biya. A shafin hukumar ake biya kai tsaye. Amma ga inda asirinsu ke tonuwa: harajin na masu zuwa su koma a rana ɗaya ne, wanda zai kwana a otal cikin birnin ba ya biya, rajista kawai ake nema a gare shi. To wanda ya ce ya kama maka otal a Benis, kuma ya caje ka kuɗin shiga gari, a ɗaya daga cikin biyun ƙarya yake.

Dandalin San Marco da gadar Rialto ba a biyan ko sisi kafin a taka su. Fadar Doge, inda sarakunan birnin suka yi mulki, tana da tikiti, amma a shafin hukumar gidajen tarihin birnin ake saye, kuma akwai shafukan da ke kwaikwayon na hukuma su ɗora nasu kuɗin. Gidan zane-zane na Accademia na gwamnatin ƙasa ne, Lahadin farko ta kowane wata kyauta ake shiga. Kwalekwalen gondola ma farashinsa a ƙayyade yake tun ƙarshen 2023, Yuro 90 na rabin awa da rana, 110 da dare, kuma kuɗin jirgin ne gaba ɗaya, mutum biyar na iya raba shi. Su kuwa sai su rubuta maka shi a kan kowane kai.

Iyayenmu mata da 'yan kasuwa, ku na fi ji a batun Murano, wani tsibiri da ke kusa da Benis. Tun 1291 aka mayar da masu narka gilas wannan tsibiri saboda tsoron gobara, kuma tsakiyoyin da ake yi a can sun daɗe suna shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma, don haka ba mamaki idon Hajiya ya tsaya a kansu. Cikin tallan za ku ga "jirgi kyauta zuwa masana'antar gilas". Kyautar ɗan kama ce. Za a nuna muku mai hura gilas na ɗan lokaci, daga nan a shigar da ku ɗakin sayarwa a tsare ku da daɗin baki, wanda ya kawo ku kuma yana da kamasho a kan duk abin da kuka saya. Kayan da ke zube a shagunan hanya da arha, da yawansu daga waje aka shigo da su. Na ainihi akan same shi da tambarin Vetro Artistico Murano, wanda gwamnatin Veneto, yankin da Benis take ciki, ta kafa, ɗauke da lambar masana'antar. In kuna son zuwa, jirgin ruwan haya na gari da ake kira vaporetto yana zuwa Murano, ku shiga shagon da kuka ga dama.

Wanda ya riga ya fara magana da masu tallan nan, ya nemi sunan otal ɗin ya tuntuɓi otal ɗin da kansa a ji ko akwai ɗaki da sunansa, ya nemi lambar rajistar kamfanin da adireshin ofis da zai iya takawa ya gani. Kada ya ba su fasfonsa su riƙe. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, ya garzaya bankinsa yau ɗin nan da rasit da hoton hirarsu, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC.