QX200, na'urar da ke ƙirga DNA ɗigo-ɗigo

QX200 ta kamfanin Bio-Rad na'urori biyu ne a haɗe: mai yin ɗigo da mai karanta ɗigo. A tsakaninsu kana buƙatar injin PCR, wato mai ninka DNA ya yi kwafi masu yawa, irin wanda aka saba da shi, da abin liƙe faranti da zafi. Ta fito a 2013, bayan kamfanin ya sayi QuantaLife, masu asalin fasahar, a 2011. Ni ina aiki da ita ne a kan jinin mutanen da gwajin gaggawa ya ce ba su da zazzaɓin cizon sauro, alhali ƙwayar cutar na kwance a jikinsu 'yar kaɗan.

Za ka zuba haɗin samfuri maikrolita 20 a kwanson DG8 mai cin samfuri takwas, ka zuba man na'urar maikrolita 70 a ɗaya jeren, ka rufe da robarsa ka saka. Cikin kamar minti biyu, ruwan da man sun haɗu a wasu siraran hanyoyi, man ya yayyanka ruwan ya zama ɗigo kusan 20,000, kowanne kimanin nanolita ɗaya. Ɗaga kwanson ka duba, za ka ga saman gurbin ya yi fari-fari kamar farau-farau. Har yau ganin wannan yana burge ni.

Kowane ɗigo PCR ɗinsa yake yi shi kaɗai. Bayan an gama, mai karantawa ta jera su ɗaya bayan ɗaya a gaban haske, ta ƙirga waɗanda suka haska da waɗanda ba su haska ba, manhajar QuantaSoft ta yi lissafin Poisson, mai ƙiyasta yawan DNA daga kason ɗigon da bai haska ba, ta ba ka adadin kwafi a kowace maikrolita. Ba ruwanka da haɗa ma'aunin kwatance kamar a qPCR, wato PCR ɗin da aka saba auna yawan DNA da shi. Nan ne darajarta take. Samfurin da qPCR ke ta inda-inda a kansa, yau ya fito gobe ya ɓace, a nan sai ka ga ɗigo shida ko bakwai sun haska sun tashi sama sarai a jadawalin sakamako, gurbin da ba a sa DNA ba kuma fes. Ga wanda ke neman masu ɗauke da cuta ba tare da alama ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don su ne sauro ke ɗiba daga jikinsu ya kai wa yara.

Amma tana son hannu mai sanyi. Kwashe ɗigon daga kwanso zuwa faranti mai gurbi 96 da fifet ake yi, wato abin zuƙo ruwa kaɗan-kaɗan, a hankali ƙwarai. Ka yi garaje, ɗigon ya farfashe. Gurbin da ya ba da ƙasa da ɗigo 10,000 ba mu yarda da shi. Akwai AutoDG mai yin wannan aikin da kanta, ga mai hali. QX200 launi biyu kawai take karantawa, na rinin FAM da HEX, saɓanin samfurin QX600 mai karanta shida. Samfurin da DNA ya yi wa yawa sai an tsarma shi, in ba haka ba duk ɗigon ya haska, lissafi ya tsaya. Wasu ɗigon kuma kan maƙale tsakanin masu haske da marasa haske, sai ka zauna ka yanke inda layin raba su zai bi, ka kuma riƙe wannan layin a duk farantin. Cikakken faranti, daga haɗi zuwa sakamako, yini guda ne.

Ga asibitin da ke son amsar e ko a'a kafin azahar, qPCR ya wadatar, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Ɗakin binciken da ke farautar abu kaɗan cikin mai yawa, a jini ko a ruwan kwata, shi nake ba shawarar saye. Kafin ku biya, ku tanadi wutar da ba ta yankewa a tsakiyar karatu, ku kuma sa dillali ya rubuta muku tsawon lokacin da mai da kwanso ke ɗauka kafin su iso, domin sau ɗaya ake amfani da kowane kwanso.