Turbostat ya nuna min abin da ke hana laftof ɗina barci

Kusan wata guda nayi ina fama da laftof ɗina, ko ban buɗe komai ba fanka na ta ihu, ƙasanta zafi kamar an ɗora ta a kan garwashi, batir kuwa kafin kace kwabo ya zube. Idan na buɗe top, mai nuna abin da ke cin CPU, sai inga wani kworker ya riƙe CPU ɗaya yana ta ci, kuma kworker ai ba manhaja bace da zaka rufe, ma'aikacin kanel ne, wato zuciyar Linux, ba zai gaya maka wa ya aiko shi ba. A nan ne na koma kan turbostat, kuma gaskiya tun ranar ban rabu da shi ba.

Ga wanda bai san shi ba, ƙaramin kayan aiki ne na Linux mai nuna yadda furosesa ke aiki da barci da cin wuta, Len Brown na Intel ne ya rubuta shi, yana cikin tushen kanel ɗin kansa a tools/power/x86/turbostat. A Debian yana zuwa cikin linux-cpupower, a Fedora cikin kernel-tools, a Ubuntu kuma linux-tools. Kyauta ne, ba hoto ba ado, lambobi ne zalla a tamina, yana sabunta su duk bayan daƙiƙa 5 in baka canza masa ba. Sai da izinin root yake aiki sosai tunda rajistocin furosesa yake karantawa kai tsaye.

Farkon buɗe shi kam sai da kaina ya juya, gurabe sun yi yawa har layin ya naɗe ya sauko ƙasa, wannan shine abu na farko da zan ce a shirya masa. Maganinsa ka zaɓi abin da kake so kawai, ni ga wanda nake bugawa:

turbostat --quiet --show CPU,Busy%,IRQ,SMI,Pkg%pc8,PkgWatt

Da na buga sai abin ya fito fili. Gurbin IRQ, mai ƙirga sau nawa aka katse furosesa, na CPU ɗaya yana ta tashi da dubbai alhali sauran suna zaune lafiya, Pkg%pc8 sifili cur, wato furosesan baya samun shiga barci mai nauyi ko kaɗan, da ya fara gyangyaɗi sai a taɓa shi, PkgWatt, wato wutar da furosesa ke ci, kuma a sama ga na'urar da ba abin da take yi. Amma gurbin da yafi burge ni shine SMI, don shi ya raba min gardama.

Dalili kuwa, hanya biyu famwaya, wato manhajar da ke dashe cikin na'urar kamar BIOS, ke bi ta katse furosesa kan maganar wuta da zafi. Akwai SCI, wannan ta hanyar ACPI yake zuwa, tsarin kula da wuta da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, kanel na ganin sa kuma shi ke amsa shi, galibi a IRQ 9 zaka same shi cikin /proc/interrupts da sunan acpi. Sai kuma SMI, shi wannan a ɓoye yake, furosesa zai ajiye duk abin da yake yi ya shiga wani yanayi na musamman da ake kira SMM ya yiwa BIOS aiki ya dawo, Linux bai ma san anyi ba, sai dai kaji sauti na sarƙewa ko linzami ya ɗan tsaya. Furosesoshin Intel tun daga Nehalem suna da ma'aunin da ke ƙirga SMI a rajista 0x34, turbostat shi yake karanto maka. A tawa SMI sifili ne duk zagaye, kenan matsalar ba a ɓoye take ba, tana inda kanel zai iya gani, kuma wallahi naji sanyi a raina don wanda yake SMM ba yadda zakayi da shi daga cikin Linux.

To a nan turbostat ya tsaya, kuma dole in faɗa don kar wani ya ɗauka shi kaɗai zai gama masa aiki. Zai ce maka ana ta ƙwanƙwasa ƙofa amma ba zai faɗi sunan mai ƙwanƙwasawar ba. Sai da na shiga /sys/firmware/acpi/interrupts na buga grep . * sannan naga jerin GPE duka, wato layukan da sassan na'ura ke ƙwanƙwasawa ta cikinsu don tada SCI, kusan dukkansu sifili ko 'yan lambobi, sai gpe6F kaɗai da wata doguwar lamba, na sake bugawa bayan ɗan lokaci ta ƙara hawa, sci da gpe_all suna bin ta a baya. Na ciro teburan ACPI da acpidump na warware DSDT, babban teburin da ke ɗauke da kod ɗin famwaya, da iasl, sai ga _L6F, kod ɗin da ke amsa gpe6F. Wannan L ɗin yana da muhimmanci, nau'in kira ne da yake ci gaba da tsayawa har sai an share dalilinsa, in kod ɗin famwaya bai share ba, kanel na gama amsawa zai sake shigowa, a haka za'a kwana. Shine abincin da kworker ɗin nan yake ta ci.

Na tura kalmar mask cikin fayil ɗin gpe6F ina kallon turbostat a ɗaya tagar, kuma wannan shine lokacin da naji daɗin kayan nan fiye da ko yaushe, zagaye na gaba IRQ ya faɗo, Pkg%pc8 ya tashi daga sifili, PkgWatt ya sauko, bayan minti biyu fanka tayi shiru har ina jin ƙarar madannai na. Ba zato bane, da idona na gani. Don ya zauna bayan ribut sai na saka acpi_mask_gpe=0x6F a layin but na kanel.

Amma don Allah kar kowa ya kwafi lambar nan tawa ya liƙa, kowace na'ura da nata lambobin. In ka toshe GPE ɗin da EC ke amfani da shi, wato ƙaramin cif ɗin da ke kula da batir da murfi da maɓallan haske, zaka iya rasa sanarwar caji ko rufe murfi ya daina sa ta barci, wani lokacin har labarin zafi ya daina isowa. Ka duba DSDT tukuna kasan me kake rufewa. Kuma toshewa ɗaurin wucin gadi ne, gyaran gaske yana cikin sabunta BIOS, ni daga baya da sabo ya fito na saka na cire layin.

Wasu zasu ce ai PowerTOP ya isa. Ina amfani da shi, tun 2007 yake kuma yafi sauƙin kallo, ya iya nuna wace manhaja ko na'ura ke yawan tashin furosesa, amma in maganar SMI ce ko kana son ganin wat da zurfin barci a layi ɗaya yayin da kake gwaji, turbostat nake ɗauka. A sani dai na x86 ne, kuma ma'aunin SMI ɗin na Intel ne, mai AMD zai samu wasu guraben babu.