Kome ko yafiya daga nesa?

Littattafan soyayya biyu na karance a waya cikin danfo, motar haya ta Legas, tsakanin Agege da Oshodi. Jigonsu ɗaya: matar da aka saka, dangi suka juya mata baya, shekaru suka shuɗe.

Na farko ya zaɓi kome. Saki ɗaya ne, idda ta cika tuntuni, don haka sai da aka ɗaura sabon aure da sabon sadaki, kuma marubuciyar ta kiyaye wannan. Inda ta gaza shi ne gaggawa. Uwar mijin da ta kunna wutar ta yi kuka shafi ɗaya, shi ke nan, kowa ya yafe. Haba!

Na biyu ya fi zauna min a rai. Saki uku ne, babu kome sai ta auri wani, ita kuwa ta ƙi auren kisan wuta. Yafiyar ta mahaifinta ce, tsohon ɗan canji a Legas wanda ya shekara bakwai bai ɗaga wayarta ba. Ranar da ya ce mata "'yata, kin ci abinci?" sai da na wuce tashata.